Yadda Za Ka Zana Nisa da Hasken Yamma Irin na Kulod Loran

Na fi shekara ashirin ina rubutun allon talla da zanen bayan motoci a Bauchi kafin injin buga fasta ya zo ya cinye mana rabin kasuwa. Duk wanda ya taɓa bin bayan gingimari a hanyar Jos ya san irin zanenmu: dutse ɗaya, dabino biyu, rafi, sai rana ja wur kamar tumatir tana leƙowa. Na zana irin wannan ya fi a ƙirga, kuma duk ciwonsu ɗaya. Dutsen da ya kamata a ce yana can nesa da bishiyar da ke gaban hancinka, kamar an liƙa su ne a bango guda.

Ban gane ciwon ba sai ranar da wani mai sayar da tsofaffin littattafai a gefen kasuwar Wunti ya miƙo mini wani littafin zane da bangonsa ya cire, ya ce, "Mai fenti, wannan naka ne, kawo abin da ya sawwaƙa." Ina buɗewa na ci karo da hoton bakin teku da sassafe. Gine-gine masu ginshiƙai hagu da dama, jiragen ruwa, ma'aikata suna loda akwatuna a kwalekwale, rana kuma tana tsakiya, fara, ƙarama, haskenta ya bi kan ruwa har ya iso gabana. Sarauniyar Saba ce, wadda muke kira Bilkisu, za ta tafi wurin Annabi Sulaiman, amma sai ka nema kafin ka gan ta a kan matakala, don ba ta kai ɗan yatsa ba. An zana shi a 1648, yana rataye yanzu a babban gidan zane na ƙasa da ke Landan. In za ka neme shi a waya, rubuta sunan mai zanen yadda suke rubutawa, Claude Lorrain. Ni dai Kulod nake ce masa.

Sunansa na yanka Kulod Jele. Loran ɗin laƙabi ne na yankinsu, kamar yadda za mu ce Na Misau ko Ɗan Azare, domin an haife shi wajen 1600 a ƙauyen Chamagne cikin ƙasar Loren, wadda a lokacin take da sarkinta, sai a 1766 ta shiga Faransa. Iyayensa sun rasu yana yaro, karatun kirki bai yi ba, an ce ma gashin burodi da kek ya fara koya. Ya tafi birnin Rum a Italiya ya zama yaron gidan wani mai zane, Agostino Tassi, yana yi masa aikin gida, yana niƙa launi, yana wanke buroshi. Duk wanda ya yi zaman yaron shago ya san wannan makarantar. Ya koma gida a 1625 ya yi aiki kaɗan a birnin Nansi, bai jima ba ya dawo Rum, kuma bai sake barin Italiya ba har ya mutu a 1682. Kafin ya kai arba'in, Fafaroma Urban na 8 da Sarki Filib na 4 na Sipaniya suna cikin masu sayen aikinsa.

Abin da zan koya maka a nan shi ne abin da na tsinta daga kallon aikinsa da gwadawa a kan filawud da fentin gwangwani, a ƙasarmu, da bishiyoyinmu.

Kwana uku na farko kada ka taɓa fenti. Wani abokinsa Bajamushe mai zane, Sandrart, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce Kulod yakan fita daji tun kafin gari ya waye ya kwanta yana kallon sama har dare, don ya gane yadda ja na asuba yake shigowa da yadda rana take faɗuwa, ya haɗa launukan a can, sannan ya koma gida ya yi aiki da su. Kai ma haka za ka yi, sai dai ba sai ka kwana ba. Bayan sallar la'asar ka hau mashin ka fita hanyar Jos inda Dutsen Zaranda yake fuskantarka, ko ka je bakin ruwan Gubi, ka samu inuwa ka zauna rana tana gabanka. Kada ka ƙura mata ido, ka tare ta da hula ko tafin hannu ka duba abin da ke kewaye da ita. Ka tambayi kanka abu uku, kullum su: ina ne ya fi haske, ina ne ya fi duhu, wane launi ne dutse mafi nisa. Yaran da nake koya wa ranar Asabar, in na tambaye su launin dutse, kowa "ruwan ƙasa" yake cewa, don abin da ya sani ke nan. Sai na huda takarda na ce ya leƙa dutsen ta hujin. Nan take zai yi shiru, don abin da yake gani shuɗi ne mai haske, kusan launin sama.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke iska, hazo bai riga ya sauko ba, dawa ta yi kai. Kuma in gonar wani za ka zauna kusa da ita, ka yi sallama ka faɗi abin da ya kawo ka. Wata rana ina zaune da takarda da fensir, sai ga wani dattijo da fartanya a kafaɗa ya tsaya a kaina.

"Ɗana, gwamnati ce ta aiko ka awon fili?"

"A'a, Baba, dutsen can nake zanawa."

Ya dubi dutsen, ya dubi takardar, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Yana nan dai, ba inda za shi."

Tun daga ranar nake tafiya da goro a aljihu.

A rana ta huɗu ka tafi da tawada. Zanen takarda na Kulod da suka rage sun haura dubu, kuma da yawansu da alƙalami da tawada ruwan ƙasa aka yi su. Irin wannan tawadar masu zane na zamaninsa daga kunkunniyar itace suke samun ta, wato abin da ke manne a rufin madafar kowace tsohuwa a Bauchi. Ka kankaro ta, ka zuba a tsohon gwangwani da ruwa ka tafasa, ka bari ta kwanta, ka tace da tsumma, ka jefa ɗan ƙaro kamar yadda almajirai suke yi wa tawadar allo don ta kama takarda. Baƙin gindin tukunya ma yana yi, amma shi toka-toka yake bayarwa, kunkunniya ce ke da ɗumin launin nan na shayi. Ka raba ta gida uku a gwangwanayen madara: mai kauri, matsakaiciya, da wadda ka tsinka da ruwa har ta kusa ɓacewa. Takarda mai kauri za ka nema, ta littafin makaranta tana tattarewa.

Tsinkakkiyar ta duwatsun nesa ce. Matsakaiciyar ta gonaki da bishiyoyin tsakiya. Mai kaurin ta abin da ke kusa da kai, tsamiya ko ɗorawar da kake zaune a ƙarƙashinta. Sama da kan ruwa ka bar su farar takarda, kada ka taɓa. Ka fara da nesa ka taho kusa, kana bari kowanne ya sha iska. Kwata ɗin awa ya isa zane ɗaya, don hasken ba ya jira, kuma gwamma ka yi huɗu marasa kyau da ka yi ɗaya kana gyara har magariba. Wannan aikin launi uku shi ne ƙashin bayan duka. In nisa bai fito da tawada ba, fenti mai tsada ma ba zai fito da shi ba.

Akwai wata dabara da za ta taimake ka ganin haske da duhu. Bayan mutuwarsa, Turawan Ingila masu yawon buɗe ido sun riƙa yawo da ɗan madubi baƙi da suka laƙaba wa sunansa, su juya wa wuri baya su kalle shi a ciki, don ya koma kamar zanensa. Kana da irinsa a aljihu. Kashe fuskar wayarka, juya baya, ka duba wurin a cikin baƙin gilashin. Ƙananan abubuwa za su ɓace, manyan inuwoyi su haɗe. Ka dai karkata ta yadda ƙwayar ranar ba za ta faɗo a ciki ba. Ɗaukar hoto da waya kuwa, ban hana ba don tuna siffar reshe ko ƙaho, amma kada ka yarda da launinta: in ta gyara sama sai ta baƙanta ƙasa, in ta gyara ƙasa sai sama ta zama fara fat.

Yanzu mu koma shago. Ka samu filawud, ka goge da sanfefa, ka shafa farin fenti sau biyu. Wani marubucin tarihinsa ɗan Italiya, Baldinucci, ya ce Kulod yakan raba tsayin allo gida biyar, ya ja layin da sama ta haɗu da ƙasa a kan gida na biyu daga ƙasa. Ke nan kashi uku sama ce. Mu masu zanen mota mun saba cika allo da dutse har sama ta rasa wurin numfashi. Ka gwada nasa.

Sannan ka dasa babbar bishiya mai duhu a gefe ɗaya, kusa, ta miƙe har ta kusa fita daga allon. A ɗaya gefen ka sa ƙarama, can baya kaɗan. Tsakiya a buɗe. Duhun bishiyar nan shi ne ke tura duk abin da ke bayanta zuwa nesa, kamar mutum yana leƙen fili daga cikin zaure. Sai ka yi wa ido hanya: burtali ko rafi da zai taso daga ƙasan allon, ya karkata hagu, ya dawo dama, yana sirancewa, ya ratsa ta gada ko garke, har ya ɓace a gindin dutse. Kada hanyar ta miƙe sak, ido zai ƙare tafiyar da wuri.

Kuma ba dole ne ka zana wurin yadda yake ba. Kulod yakan yi zanen takarda a Tiboli da bakin kogin Tiber da filayen da ke kewaye da Rum, amma manyan allunan a ɗaki yake haɗa su, bishiya daga nan, kango daga can. Ko labarin Bilkisu, littafin Kiristoci cewa ya yi da raƙuma ta je, shi kuwa ya ɗora ta a jirgin ruwa, ina jin don yana son ruwan da hasken rana zai kwanta a kai. To kai ma ɗauko kukar da ka gani a hanyar Dass ka dasa ta a bakin Gubi, ka cire turakun lantarki da ledojin da suka maƙale a ƙaya. Ba wanda zai kai ka kotu.

Sama ake fara shafawa, duka, har inda bishiya za ta rufe daga baya. A nan ne aikin yake, don haka ka zauna. Kusa da rana fari ne da ɗigon rawaya. Kana nisa da ita rawayar tana ƙaruwa zuwa ruwan ɗorawa, can ƙasa kusa da duwatsu ɗan ruwan goro kaɗan, can sama kuma shuɗi mai haske. Tarkon yana wurin haɗuwar rawaya da shuɗi: in suka gauraya sai sama ta zama koriya kamar miyar kuka. Na ɓata alluna uku kafin na gane maganin. Ka sa wani ɗamara a tsakaninsu, fari da ɗan ja kaɗan, ruwan hoda mai haske, rawaya ta narke a cikinsa ta ƙasa, shuɗi ta sama. Ka yi da sauri tun fentin yana ɗanye, sannan ka ɗauki busasshen buroshi mai laushi ka riƙa sharewa a kwance, a hankali, kana goge shi a tsumma, har ka kasa nuna inda wani launi ya tsaya. Fentin mai na gwangwani yana saurin kamewa, musamman da hunturu, don haka ka haɗa launukan duka a jere kafin ka fara. Kananzir kaɗan za ka sa, in ya yi yawa yana kashe ƙyallin.

Ita kanta ranar, ka manta da jan tumatir. Fara ce mai ɗan rawaya, ba ta fi kwabo ba, gefenta a narke. Fenti ba fitila ba ne, iyakar haskensa shi ne fari, saboda haka in kana son rana ta haska sai ka hana kowa farin nan. Farar saniya, farar riga, gajimare, duk ka rage musu. Abin da ya sa ranar Kulod take sa mutum ƙanƙance ido ke nan, duk allon ya yi mata ladabi.

Kada ka wanke faifan haɗa launi, ragowar launin sama shi za ka gina ƙasa da shi. Dutse mafi nisa launin sama ne da ɗigon shuɗi, ya ɗan fi ta duhu kawai. Na gabansa ka rage launin sama ka ƙara shuɗi da ɗan kore. Haka za ka yi ta tahowa, kowane layi ya fi na bayansa duhu da ɗumi, har ka iso gaban allon inda ruwan ƙasa da kore mai duhu suke. Dalilin shi ne iskar da ke tsakaninka da dutse ba fanko ba ce, akwai ƙura da laima a cikinta suna watsa haske, gwargwadon nisa gwargwadon yawan labulen. Shi ya sa ba a zana tsaga ko ciyawa a jikin dutsen nesa. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi, ka daure.

A nan ne kuma na rabu da Kulod. Shuɗin nesansa na Italiya ne, kuma muna samun irinsa da damina da kaka. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu nesanmu ba shuɗi ba ne, toka ce mai ɗan ruwan ƙasa, Zaranda ma wata rana ɓacewa yake yi gaba ɗaya, rana ta zama kamar farin faranti tun la'asar. In ka zana busasshiyar kuka da karan dawa a tsaye sannan ka sa musu shuɗin dutse a baya, duk ɗan Bauchi zai ji wani abu bai zauna ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba. Ni a ganina hazo ma ya fi sauƙin koyon nisa, don a cikinsa bishiyar da ke taku ɗari ta riga ta fara dushewa.

Tunda rana tana gabanka, inuwa wajenka take tahowa. Ka buga ƙaramar ƙusa a kan layin nesa daidai ƙarƙashin rana, ka ɗaura zare, ka ja shi ta gindin kowace bishiya da ƙafar kowace saniya. Inda zaren ya bi bayan ya wuce gindin, nan inuwar za ta kwanta. Za ka ga sun baje kamar mafici. Kada ka yi inuwa da baƙin fenti, ka haɗa shuɗi da ruwan ƙasa. Daga ƙarshe ka ɗauki siririn buroshi da rawaya mai haske ka ɗan taɓa gefen abubuwa ta wajen rana, tozon sa, bakin ganye, kan dutse. Kaɗan-kaɗan, kamar gishiri. Ganyen babbar bishiyar kuma kada ya zama dunƙule kamar tuwo: mai duhu tukuna, ya bushe, sannan matsakaici, sannan ka huda ƴan tagogi da launin sama, ka ɗan rage masa haske fiye da na fili. Kowane shafi sai ya bushe kafin na gaba. Shi kansa Kulod, da girma ya zo ga ciwon gaɓoɓi, alluna ƙalilan yake gamawa a shekara.

Mutane fa? Shi ma bai iya su sosai ba. An ruwaito yana cewa filin yake sayarwa, mutanen kyauta ne. A zanensa na ƙarshe, na 1682, wanda ke birnin Okusfod na Ingila, inda wani ɗan sarki yake harbin barewa, mutanen sun yi tsawo kamar turakun rumfa, kawunansu ƙanana, amma ba wanda yake tsayawa kansu saboda shuɗin asubar da ke bayansu. Wannan ya yi mana daidai ta wata fuskar. Da yawa daga masu sayen aikina ba sa son hoton mai rai a falo, kuma dutse da bishiya da ruwa ba wanda ya taɓa yi mini magana a kansu. In mai saye bai damu ba, nakan sa makiyayi ɗaya ya juya baya, sanda a kafaɗa, bai fi gaɓar yatsa ba, don a gane girman tsamiyar. In ya damu, rumbu ko kwalekwale a ɗaure yana yin aikin.

Turawan Ingila sun so mutumin nan ƙwarai. Babban mai zanensu Turner, da zai mutu a 1851, ya bar wa ƙasarsa wasiyyar alluna biyu nasa da sharaɗin a rataye su kusa da na Kulod, ɗaya daga cikin na Kulod ɗin kuwa shi ne na Bilkisun nan.

Saura abu ɗaya da na koya a makare. Tun yana da rai masu jabu suka fara zana irin nasa suna sayarwa da sunansa. Sai wajen 1635 ya buɗe littafi, duk allon da ya gama ya sake zana shi ƙarami a ciki, a bayan shafin ya rubuta wanda aka yi wa da garin da aka kai. Zane 195 ne a ciki, ana kiransa Liber Veritatis, wato littafin gaskiya, yana gidan tarihi na Birtaniya. Ni sai da na ga zanena na bakin Gubi an ɗauke shi a waya an buga a fasta ana sayarwa a tasha, an yanke kusurwar da sunana yake, sannan na sayi littafi. Ka sayi naka tun allon farko. Ƙaramin zane da tawadar kunkunniya, kwanan wata, girman allon, wurin da ka zauna, wanda ya saya, da abin da ya biya ko ya rage.

Nawa yana shafi na 41. Na ƙarshen wani mai shayi ne a unguwarmu ya saya, biya uku, ya rataye shi a bayan tukunyarsa duk da na ce masa ya matsar. Duk safiya in na je shan shayi ina ganin hayaƙi yana cin saman da na yi kwana biyu ina sharewa. Jiya ya ce mini, "Oga, ka ga yanzu ma ya fi kama da magariba."